Taurarin Abzin da Kunnen Bahaushe

Ƙanena ne ya turo mini faifan kiɗan nan daga ƙasar da yake karatu, wajen ƙarfe 11 na dare. A ƙarƙashin saƙon ya rubuta: "Yaya, don Allah saurari wannan. Wata sabuwar ƙungiyar rok ce, faifanta na farko ke nan, Turawa sai zancenta suke yi. Wai 'yan Nijar ne." Ban buɗe ba a daren. Ni da kiɗan rok ba mu taɓa shan inuwa ɗaya ba, don abin da na sani game da shi bai wuce samari masu dogon gashi suna ihu a talabijin ba. Sai da gari ya waye, ina zaune a ƙofar gida ina jiran yaro ya kawo koko da ƙosai, na ce bari dai in duba, kada ya ce na share shi.

Ba a yi nisa ba na ji guɗa. Guɗar mata, irin wadda na tashi ina ji a tsakar gidanmu ranar kamu da ranar kai amarya. Ga tafi, ga hayaniyar jama'a, ga ganga tana tafe da gudu, sannan ga jitocin lantarki suna kai da komo a tsakanin wannan duka kamar ƙoshiya a hannun masaƙi. Kokon ya zo, ya huce a gabana. Na saurari faifan daga farko har ƙarshe, na sake mayar da shi farko. An kwana biyu da yin wannan, amma har yau da wuya mako ya fita ban kunna shi ba, kuma duk wanda ya shiga motata sai ya ji shi, ko yana so ko ba ya so.

Sunan faifan "No. 1". Ƙungiyar kuma Etran de L'Aïr, wato Taurarin Abzin, domin Aïr ɗin nan da Faransawa ke rubutawa shi ne duwatsun da kakanninmu ke kira Abzin ko Azbin. Wani ƙaramin kamfani mai suna Sahel Sounds, da ke birnin Portland a Amurka, shi ya fitar da shi a 2018. Gaskiyar ƙanena, faifansu na farko ne. Inda aka ruɗe shi shi ne a kalmar "sabuwa". An kafa wannan ƙungiya a Agadas tun 1995. Lokacin da duniya ta fara jin ta, ta riga ta shekara 23 tana kiɗa a bukukuwan aure da na suna. 'Yan gida ɗaya ne, wa da ƙane da ɗan baffa, 'ya'yan makiyayan da fari ya koro daga daji a shekarun 1970 suka zauna a gefen gari. Wanda ke jagorantarsu yanzu, Moussa Ibra da ake wa laƙabi da Abindi, yana ɗan shekara 9 aka fara. Ya faɗa da bakinsa cewa jita ɗaya tal suke da ita a lokacin, ita ma ba ta lantarki ba, ganga kuwa babu, sai ƙwarya da suke bugawa da takalmi. Ya ce sukan saɓa kayan kiɗa a baya su taka kilomita 25 cikin daji su yi wasa kyauta.

Wannan ƙwarya da takalmi ita ta fara ɗaure ni da su. Duk wanda ya girma a gidan Bahaushe ya san ƙwarya kife a kan ruwa a cikin masaki, ya san sautin da take bayarwa idan mata suka zauna kiɗan amada. Abin da marigayiya Barmani Choge ta rayu a kansa ke nan har Allah ya karɓi ranta a 2013. Matan Abzin ma suna da irin wannan gangar ruwa a wasanninsu. Ashe tushen waɗannan samari da na iyayenmu mata bai yi nisa da juna ba. Daga ƙwarya suka tashi, suka riƙa tara kaya ɗaya bayan ɗaya, yau jita, gobe lasifika, jibi ganguna, har suka zama abin da na ji a wayata da safen nan.

Yadda aka ɗauki faifan shi ne rabin daɗinsa. Ba a kai su situdiyo ba. A waje aka yi, a bakin gidansu da ke wata unguwa a gefen Agadas. Aka jona waya, suka fara kiɗa, mutanen unguwa suka ji suka fito, abin ya koma biki. Guɗa da tafin da nake ji ba ƙara su aka yi daga baya da na'ura ba, mutane ne na gaske da kiɗa ya taɓa a wannan ranar. Kana jin lasifika tana ɗan kuka idan an matsa mata. Kana jin muryar mawaƙi tana nutsewa cikin ƙarar jita ta sake fitowa. Injiniyan sauti mai son tsafta zai ce aikin da gyara. Ni kuwa ina ganin da an goge waɗannan abubuwa da an zubar da romon an bar ƙashi.

Bari in ɗan tsaya a kan kiɗan kansa, don shi ne dalilin rubutun nan. Jita ɗaya takan kama wani ɗan gajeren zubi ta riƙe, tana maimaita shi ba gajiya, kamar 'yan amshi. Wata jitar sai ta hau kansa tana yawo, ta yi sama, ta sauko, ta zagayo ta baya, ta sake haɗuwa da 'yar'uwarta daidai inda ba ka zata ba. Wani lokaci su biyun sukan saki amshin gaba ɗaya su shiga rige-rige, kowacce na jan nata zaren, kai mai sauraro kana jiran su sarƙe, amma ba sa sarƙewa. Wannan ba ya samuwa sai ga mutanen da suka ci tuwo a akushi ɗaya tun suna yara, kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Mai ganga kuma shi ne direba. Yakan fara a tsanake, sannan ya riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan, yadda ba za ka lura ba sai ka ga ƙafarka ta canza taku. Makaɗin biki ne kaɗai ya iya wannan, domin idonsa na kan fili. Ya ga 'yan mata sun shigo, ya ga wani dattijo ya miƙe yana gyara rawani, ya san lokacin da zai matsa da lokacin da zai sassauta. Wanda ya koyi kiɗa a ɗaki shi kaɗai ba zai taɓa samun wannan ido ba, ko da ya fi kowa iya yatsu.

Akwai kuma dalilin da ya sa kunnena bai ji baƙunta ba. Masana kiɗa suna cewa yawancin kiɗan wannan yanki namu, daga gurmi da garaya zuwa molo, a kan matakan sauti biyar yake tafiya, kuma a kan irin wannan tsani jitar Agadas take hawa da sauka. Su kansu 'yan ƙungiyar ba su ɓoye ba cewa sun sha daga rijiyoyi da yawa: kiɗan arewacin Mali, kiɗan Kwango mai sa ƙugu motsi, da kiɗan makaɗan Hausa na gidajen rawa. Muna cikin faifan nan, ko da ba mu san muna ciki ba.

Akwai wani dattijo Ba'abzine da ke gadi a layinmu, ya fi shekara 10 tare da mu. Kullum bayan la'asar yana bakin get da ɗan murhunsa da butar shayi. Rannan na je na zauna kusa da shi, muka gaisa, na ce, "Baba, ji wani abu." Na kunna. Bai ce komai ba sai da waƙa ɗaya ta ƙare. Ya ɗan janye rawaninsa daga baki ya ce, "Alhaji, ina ka samo kiɗan gidanmu? Wannan ai kiɗan biki ne." Na ce masa daga ƙasar waje aka turo mini. Ya girgiza kai, ya ciro wata tsohuwar waya daga aljihu, ya nuna mini memori cike da irin wannan kiɗa, wasu an ɗauka a wurin biki da waya, wasu an tura masa ta bulutut tun shekarun baya. Ya ce, "Kullum ina kunnawa a nan da dare. Ba wanda ya taɓa tambayata mene ne."

Maganar nan ta tsaya mini a rai, kuma ita ce ta mai da murnata ta zama tambaya. Shekara 10 ina wuce wannan bawan Allah safe da yamma, kiɗan yana aljihunsa, taku 20 daga ƙofata, amma sai da ya tafi Amurka aka buga masa hatimi, ya biya ta hannun ɗalibi a wata ƙasa, sannan ya iso kunnena.

Daga Kano zuwa Agadas, ta Damagaram, kusan kilomita 700 ne. Kusa ne, idan aka tuna cewa kakanninmu a ƙafa da raƙumi suke yin ta. Ayarin gishiri daga Bilma ta Abzin yake biyowa ya sauka ƙasar Hausa, ya koma da gero da tufafi. Baƙin turkuɗin da Ba'abzine ke naɗawa yana alfahari da shi, wanda ke rina masa fuska, a marinar ƙasar Kano ake yin sa, musamman Kura. Gobirawa suna faɗa a tarihinsu cewa daga Abzin suka gangaro. Dokin Azbin ya shiga kirarin sarakunanmu. Masarautar Agadas tana nan tun ƙarni na 15, masallacinta mai hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27 tun 1515 aka kafa shi, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013. Ka shiga kasuwar Agadas yau, da Hausa za ka yi ciniki. Waɗannan mutane 'yan'uwanmu ne na jini da na kasuwa. Amma a garuruwanmu na Nijeriya mun taƙaita su a kalma ɗaya, Buzu, muka taƙaita Buzu a gadi da shayi. Ba mu taɓa zama mun ce, shin mutanen nan me suke rerawa ba.

Su kuwa suna jin mu sarai. Mdou Moctar, Ba'abzinen Nijar wanda yanzu ake lissafa shi cikin manyan makaɗan jita na duniya, faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita, domin salonmu ya burge shi. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya a hamada. Shi ma wancan kamfani na Portland, wanda wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya kafa bayan ya yi yawo a Sahel yana tattara kiɗan da mutane ke ajiyewa a wayoyinsu, ya taɓa fitar da tarin waƙoƙin finafinan Hausa a faifan garmaho a 2013. Ruwan dai gefe ɗaya yake gangara. Waƙarmu tana haurawa arewa, tasu ba ta saukowa, sai dai ta tsallake mu ta wuce teku. A ƙarshen 2020 wata mai sharhin kiɗa a mujallar The New Yorker ta sa "No. 1" a saman jerin faifan da suka fi burge ta a shekarar. Makaɗin jita Bombino, ɗan Agadas shi ma, ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin 'yan takarar kyautar Grammy. Ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta ci kyautar kanta a 2012. Ka tambayi matasa 10 a Kano ko Kaduna waɗannan sunaye ka ga nawa za su amsa.

Jitar nan tana da tarihi mai nauyi, kuma sanin sa yana ƙara wa faifan daraja. Farin 1973 da na 1984 sun kashe dabbobi, suka tarwatsa makiyaya. Samari suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin yi, aka riƙa kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aiki. A can suka ɗauki jita suka zuba mata kewar gida da fushin wanda aka manta da shi. Lokacin tawayen Abzinawa da ya ɓarke a 1990, kaset ɗin wannan kiɗa a ɓoye yake yawo, don wanda aka kama da shi yana iya shiga uku. A Nijar, marigayi Abdallah Oumbadougou na cikin waɗanda suka share wannan hanya. An sa hannu a yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu, 1995, ranar da har yau Nijar ke hutu dominta. A wannan shekarar ce yaran nan suka fara buga ƙwaryarsu. Ina ganin wannan haɗuwa tana da ma'ana. Jitar da ta yi shekaru tana kuka a sansani, su ne tsarar da ta shigo da ita cikin unguwa ta sa ta yi wa amarya rakiya.

Kuma biki ne ya riƙe su. Agadas ta sha wuya a shekarun nan. Masu yawon buɗe ido da ke cika garin a da sun ɗauke ƙafa tun tawaye na biyu a 2007 da sace-sacen Turawa da suka biyo baya. Dokar 2015 da ta haramta safarar baƙin haure ta tsayar da motocin da dubban gidaje ke ci da su, har zuwa lokacin da gwamnatin soja ta soke ta a Nuwamban 2023. A duk wannan tsanani ba a daina aure ba, ba a daina haihuwa ba. Duk wanda zai aurar da 'ya, ko talaka ne, yana so a yi jita a ƙofar gidansa. Kuɗin da ake ba makaɗa da wanda ake liƙa musu a fili su ne suka sayi waya da lasifika da man janareta. Ba gwamnati, ba hukumar raya al'adu, ba attajiri. Bikin talakawa ne ya yi renon ƙungiyar da daga baya ta zagaya Turai da Amurka, ta fitar da faifai na biyu a 2022 da na uku a 2024.

To mu fa, ina kuɗin bikinmu yake zuwa? Ina zuwa bukukuwa da yawa, kamar kowa. Ana kama zauren taro da kuɗin da zai ciyar da gida wata shida. Ana biyan mai ado, mai hoto, mai gabatarwa. Kiɗa kuwa sai a kira yaro ɗaya da kwamfuta ya riƙa danna waƙoƙin da kowa ke da su a waya. Waƙoƙin su ma, in ka bi sawunsu, a ɗaki aka haɗa su: mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta, shi ne mai kalangu, shi ne mai sarewa, shi ne mai ganga, duk daga cikin maɓalli. Ba raina wannan sana'a nake ba. Ta ciyar da dubban matasa tun daga shekarun 1990, ta kai harshenmu inda bai taɓa zuwa ba, kuma akwai masu basira ƙwarai a cikinta. Abin da ke damuna shi ne ta zama ita kaɗai. Hannu ya fita daga kiɗanmu. Yaro zai tashi ya yi aure bai taɓa tsayawa kusa da kalangu ya ji yadda sautinsa ke bugun ƙirji ba, bai taɓa ganin makaɗi ya dube shi ya canza kiɗa dominsa ba.

Alhali mu ne muka haifi Mamman Shata, wanda da kalangu da 'yan amshi kawai ya riƙe ƙasar Hausa sama da rabin ƙarni, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Mu ne muka haifi Ɗanmaraya Jos, wanda ya zagaya duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya. Ko jitar ma ba baƙuwarmu ba ce, don waɗanda suka kai shekaruna suna tuna Bala Miller da ƙungiyarsa, da jita da ƙaho, suna waƙa da Hausa. Wa ya gaje su? Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. 'Ya'yan makaɗa da yawa sun gudu daga sana'ar, kuma ban ga laifinsu ba. Mu ne muke rawa da kiɗan mutum da daddare, da safe mu ce masa maroƙi, ya zo neman 'yarmu mu ce a binciki asali. A Yamai akwai ƙungiyar Tal National, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da harshen Abzinawa, kuma jagoransu, wanda ake kira Almeida, ya yi aikin alƙali a kotu yana kuma kiɗan jita da dare. A garinmu, da wuya ma'aikacin da ake ganin girmansa ya yarda a gan shi da gurmi a hannu.

Na san abin da za a ce mini, don an riga an faɗa mini a majalisa. Wani ya ce ba ya jin abin da suke faɗa, kuma Bahaushe magana yake bi a waƙa. Haka ne, mu mutanen zance ne, shi ya sa Narambaɗa da Ɗanƙwairo ba sa tsufa. Amma mun shekara 50 muna kallon finafinan Indiya muna rera waƙoƙinsu ba mu san ko kalma 10 ba, har muka gina masana'anta guda a kan salonsu. Kunnen da ya ɗauki Bambai ba zai gaza ɗaukar Agadas ba. Kuma idan fassara kake so, mai fassarar yana bakin get ɗinku yana dafa shayi.

Wani ya kawo maganar addini. Wanda ya bar kiɗa gaba ɗaya saboda fahimtarsa, ina girmama shi, ba kuma da shi nake ba. Maganata da mu ce, masu kiran mai kwamfuta ya kwana yana girgiza unguwa, sannan mu tuna da hukunci idan an ambaci mai kalangu.

Maganar da ta fi nauyi ita ce ta wani abokina malamin makaranta. Ya ce in yi hattara da murna, domin Bature ya daɗe yana zuwa yana kwasar abin mutane yana sa sunansa, kuma abin da ke burge su a wannan kiɗa har da rawani da raƙumi da yashi, hoton hamada da suka riga suka zana a ransu. Akwai gaskiya a nan. Nakan ji haushi idan na ga an rubuta cewa wai tafiyar raƙumi ake ji a kiɗan, alhali samarin nan 'yan birni ne, a kan babur suke yawo. Sai dai ban yarda a ɗora wa wanda ya zo da makirufo laifin wanda bai zo ba. A 2020 kamfanin Sahel Sounds ya yi wani shiri inda makaɗan Sahel ke ɗaukar waƙoƙi da waya su tura ta WhatsApp, a sayar a intanet na wata guda, kuɗin duka ya koma hannun makaɗan. Taurarin Abzin ne suka buɗe shirin a watan Janairu. Me ya hana wani a Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, ya yi irin wannan? Waya muna da ita. Gidajen rediyo muna da su fiye da a ƙirga. Attajirai muna da su. Abin da muka rasa shi ne yarda cewa kiɗan da ake yi a ƙofar gidan talaka ya isa a ɗauka yadda yake, ba sai an yi masa kwaskwarima ba.

Batun ko rok ne ko ba rok ba ne bai dame ni ba. In jitar lantarki da ganguna da ƙara da gumi su ne rok, to rok ne, kuma dama shi rok ɗin daga kiɗan rawar baƙaƙen fatar kudancin Amurka ya tsiro. Baba maigadi dai kiɗan biki ya kira shi, kuma shi ya fi ni sani.

Bana Allah ya nufa zan aurar da 'yata ta fari, bayan babbar Sallah. Da aka zauna lissafi na ce ina so a yi kiɗan hannu. Yarinyar ta ce, "Abba, ƙawayena fa? Dariya za su yi mini." Muka yi ta ja, uwarta ta shiga tsakani, aka tsaya a kan cewa za ta yi nata taron a zaure da mai kwamfutarta, ni kuma a bar mini yammacin ranar kamu a ƙofar gida.

Sai na shiga neman mai kalangun da ya yi kiɗa a bikina. Na je tsohuwar unguwarmu, aka ce ai ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Aka nuna mini ɗansa, yana tuƙa adaidaita sahu. Na jira shi har magariba. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni sai ya yi shiru yana kallona, sannan ya ce, "Baba, rabon da wani ya tambaye ni kalangu tun kafin tsoho ya kwanta ciwo." Ya shiga ɗakin mahaifiyarsa ya fito da guda biyu a cikin buhu. Fatar ɗaya ta yage, ɗayan kuma ɓera ya ci masa tsirkiya. Ya ɗora mai ɗan dama-daman a hammata, ya matsa, ya taɓa shi da yatsa sau uku ko huɗu, sai ga tsohuwar ta leƙo daga bakin ƙofa.

Na kunna masa faifan Agadas a wayata, na gaya masa yadda aka ɗauke shi a bakin gida da mutanen unguwa. Ya saurara har waƙa biyu, yana bin gangar da ƙafa. Ya ce, "Mai gangar nan ya san fili." Na ce masa ƙanena zai zo hutu da na'urar ɗaukar sauti, kuma so nake a ɗauka a waje, da guɗa da hayaniyar yara da komai. Ya ce shi kaɗai ba zai iya ba, sai ya nemo biyu daga cikin yaran babansa, ɗaya yana nan cikin gari yana faci, ɗayan an ce ya koma Wudil yana sayar da rake. Na bar masa kuɗin fata da na mota. Ranar Asabar zan koma in ji yadda suka yi da na Wudil ɗin.